Ƙahon Rago a Agege

An ɗauke wuta tun la'asar.
Tanimu ya ja igiyar janareta ya ce yau na tsoro za mu gani,
na Yahudawa.
Mu tara a bencin shagon aski,
ruwa na dukan kwano, danfo na kuka a titi.

Yarinya ce a gado da muryar tsoho a bakinta.
Na ce aljani ne, a nemo mai ruƙiyya.
Tanimu ya ce a'a, nasu ba aljani ba ne,
mamaci ne da bai sami masauki ba
ya manne wa mai rai kamar kaska.
Dibuk suke ce masa.

Malaminsu ya zo da gemu har ƙirji,
ya tsayar da maza goma, aka kunna kyandir.
Bai fara da duka ba.
Suna ya tambaya,
ya tambayi me ya bari a duniya bai ƙarasa ba.
Sannan aka busa ƙahon rago,
aka ce ya fita ta ɗan yatsan ƙafa
kada ya yaga maƙogwaron yarinya.

Yara suka yi ihu, wani ya zubar da shayi.
Ni ban ji tsoro a nan ba.

Sai da na taka ruwa na koma ɗaki,
ɗakin da Yaya Ilu ya kama shekara goma sha ɗaya,
na rataye rigar ruwansa da ke jikina,
na ɗaga wayarsa da ba mu canza layi ba.
Iya Bose mai tumatur har yau Ilu take kirana.
Bashin albasarsa na Mil Sha Biyu ni nake biya.
Jiya na yi tari
matarsa ta waya ta yi shiru, ta daɗe.

Mu mun sani, wanda ya tafi ya tafi,
na zuba masa ƙasa da hannuna a nan bayan layin dogo.
Amma na zauna bakin katifa
na cire takalmi,
na duba ɗan yatsana.

Yaya, in kai ne, faɗi abin da ya rage.
In kuma ni ne na manne maka,
ka yi haƙuri.
Garin nan ba ya ba baƙo ɗaki
sai a cikin sunan wani.