Kwanci

Likita ta faɗi kalmar da Turanci,
ta nuna akwatin gilashi da haɓa.
Na gyaɗa kai kamar na gane.
Wani mai goge-goge, ɗan Gumel, ya raɗa mini:
"Kwalba ce, malam, ta bakwaini."

Kwalba? Ai kwalba ta manja ce, ta kananzir,
ta maganin basir da ake talla a cikin danfo.
'Yata ba ta kai nauyin mudun gari ba,
amma ba zan kira ɗakinta kwalba ba.

Shekara goma sha ɗaya ina Oko-Oba
ina juya ƙwai a injin ƙyanƙyasa.
Na san kwana ashirin da ɗaya kamar sunana.
Na san daren da aka ɗauke wuta,
janareta ya yi tari sau biyu ya mutu,
ƙwai ɗari huɗu suka huce kafin assalatu.
Baragurbi muka kwasa a baro.

Kakata Barmani ba ta da inji.
Cewa take: ku bar kazar nan, kwanci take.
Ba barci ba ne, ba ciwo ba,
zama ne da ya fi tafiya wuya,
ka ba da ɗumin ƙirjinka
ga abin da bai iya roƙo ba tukuna.

Daga Agege zuwa Idi-Araba, cikin cunkoso,
ina jujjuya kalmar a baki kada ta huce.
Ga danginta nan sun fito:
kwantai, kayan da kasuwa ta ƙi;
kwanton ɓauna, irin na cutar da aka ce
takan yi kwanaki a jini ba ta ce uffan ba.
Ashe mugun ƙwai ma yana son ɗumi.
Sai kwanciyar hankali, wadda ta sauka a Oshodi
ta bar ni a mota.

Sahura na tatsar nono a ɗan ƙaramin kofi.
Ta ce, "Yaushe za su ba ni ita?"
Lissafin kaza na sani, ban san na mutum ba.
Na ce, "Kwanci ake."
Ta ce, "Wa ke yi? Ni ko injin?"

Ban amsa ba.
Na ɗora tafin hannu a jikin gilashin.
Akwai ɗumi, kamar ƙarƙashin fiffike.
Kunnena yana can bayan gini,
wajen janareta.