Ƙanin da Aka Yada

Gudun yada-ƙanin-wani suke ce masa.
Sai da na wuce Bukuru na gane
ni ne ƙanin.

Shekarata arba'in da bakwai, rabinsu a bayan kanta a Dilimi,
ina sayar da fulogi da bel da fitilar mota,
har ranar da likita ya ɗaure mini dantse da robarsa,
ya dubi allura, ya dube ni,
ya ce, Malam Sabi'u, ko ka motsa, ko a motsa ka.
Wata takwas ina fita bayan Asuba,
har karnukan Gangare suka gaji da yi mini haushi.

Ran gudu, sanyin Jos ya ciji kunne.
Lamba ɗari shida da sha huɗu a ƙirjina, fil ɗaya ya ɓata.
Usur ya tashi, muka ɓalle kamar an buɗe wa awaki garke.
Kilomita goman farko na yi ta wuce mutane,
ina ce wa raina, ashe abin ba wuya.
Ƙafa ta ji, ta yi shiru, tana rubuta bashi.

A hanyar dawowa ta zo karɓa.
Wajen Rayfield, inda ruwan tsohon ramin kuza
ke kwance kore shar, ba ruwansa da kowa,
jijiya ta ɗaure mini a sha-raɓa,
bakina ya koma garin kwaki.
Wani dattijo, Baba Gyang aka rubuta a bayan rigarsa,
furfura fat, kambas ɗinsa ya yage a baki,
ya gifta ni a hankali, kamar mai zuwa sayen goro,
ya ce, kar ka dubi tudun, dubi yatsunka.

Na dubi yatsuna.
Na ƙirga taku ɗari, na sake ƙirga ɗari,
na yi salati, na yi wa likita Allah ya isa, na janye.
Wata mai dankali ta miƙo mini ɓarin lemo ta ƙi kuɗi,
wai ina zan ciro su, a wandon da ba aljihu?

Awa biyar da minti arba'in.
Na iso ana naɗe rumfuna, mai lasifika yana cin masara.
Aka rataya mini ƙarfe a wuya.
Ban yi kuka ba. Gishirin goshi ne ya shiga ido.

Da daddare, ƙafafu cikin baho, ruwan ɗumi da gishiri,
farce ɗaya ya yi baƙi yana sallama,
jiki ya kwanta, kai kuwa bai daina gudu ba.
Na jawo tsohon littafin rasit, na juya bayansa,
na ari biron Hajjo, wanda ta tauna wa murfi.

Layi ya tashi ba usur.
Ya yi kwana, ya naɗe kamar katantanwa,
ya hau duwatsu uku, ɗaya bisa ɗaya, irin namu da ba sa faɗuwa,
ya zama takalmi mai haƙora,
ya zama ƙeyar dattijo tana ƙanƙancewa,
sai ɗigo, ɗigo, ɗigo, ban san na mene ba.
Nan ba mai riƙe agogo.
In layi ya gaji ya tsaya, ba wanda zai wuce shi.
A hankali numfashina ya sauko ya zauna kusa da ni.

Hajjo ta leƙo ta kafaɗata.
Baba, wannan taswira ce ko taliya?
Na ce, hanyar da na bi ce.
Ta ce, to ai ba ta isa ko'ina ba.
Ta karɓi bironta, ta zana ƙaramin gida a ƙarshen layin,
da baho a ƙofa.

Ruwan ya huce. Ban kira a ƙaro ba.