Usur a Kan Ƙusa

Ranar Litinin muka tarar da takarda
manne a allon sanarwa, layi biyu kacal:
wai Koci Morenike ta ajiye aiki don raɗin kanta.
Shekara tara a layi biyu.
Ko na gode babu.

Kafin azahar magana ta yi fiffike.
A wajen mai abinci an ce kuɗin tafiya Ibadan ta ci.
A ɗakin kwana an ce a'a,
'yar wani babba ta ƙi sakawa a wasa,
yarinyar da ko bango ta jefa sai ta kuskure.
Direban danfon da ke kwasarmu daga Yaba
ya ce shi dai ya ga fitowarta daga ofis, ido jawur,
sannan ya ce kada a ce shi ya faɗa.

Ebiere ta naɗe wando ta nuna gwiwa,
tabon ɗinki kwance kamar ƙadandoniya.
Ta ce, ga shaidata.
Na ce mata ciwo, ta ce in koma fili.
Babu wadda ta ƙaryata. Muna wurin.

Ni ma ina da shaida, sai dai ta ƙi zama gefe guda.
Matar nan ta hau mota uku cikin ruwan Yuni
har Agege, har bakin mayanka,
ta zauna a benci tsakanin ƙuda da ƙahoni
tana jiran babana ya gama cinikin bijimi.
Hausarta ba ta wuce sannu da aiki ba,
Yarbancinsa na kasuwa ne,
amma da suka miƙe sai ya ce, to,
da dogon wando, da abin rufe kai,
kuma isha ta same ta a gida.
Takalmin nan da ke ƙafata, lamba arba'in da biyu,
daga albashinta ya fito.

Ita ce kuma ta sa ni zagaye ashirin
ranar da zazzaɓi ke kaɗa mini haƙora.
Ta kira ni turmi a gaban 'yan kallo,
na je bayan tankin ruwa na yi kukana.

Kwamiti ya kira mu ɗaya bayan ɗaya.
Mutum biyar, fanka na juyi, ruwan gora a gaban kowa,
cikinsu babu wanda ya taɓa ganin wasanmu.
Shugaban ya ce, Lantana, a taƙaice,
ta taɓa zaluntar ki? I ko a'a.
Na dubi takalmina.
Na ce, ranka ya daɗe, wutar da ta dafa ita ta ƙona.
Ya ce wa sakatare, rubuta, ba ta amsa ba.

Yanzu mun dare biyu.
Wasu na bakin ƙofa da kwali, a dawo da ita.
Wasu sun ce gaba ta kai su.
Uwani da Ebiere sun daina miƙa wa juna ƙwallo,
ko da ɗaya na tsaye ita kaɗai a gindin kwando.

Sau uku na kira lambarta. A na huɗu ta ɗauka,
ƙarar motoci a bayanta, ina jin kan gada ne.
Na ce, Koci, me ya faru?
Ta ce, kin yi jifa ɗari yau?
Na ce a'a.
Ta ce, matse gwiwar hannu, kada ki buɗe ta kamar kaza.
Ta kashe.

Usur ɗinta na nan a ɗakin ajiya, rataye a ƙusa,
igiyar ta yi baƙi da gumin wuya.
Sabon koci ya zo da nasa.
Da yamma, bayan ruwa ya ɗauke,
na share kududdufin da ke kan layi da tsintsiya,
na tsaya, na matse gwiwar hannu,
ina jin haushinta.
Ƙwallon ta faɗa raga, ko ƙarfe ba ta taɓa ba.
Saura casa'in da tara.