Abin da Jini Ya Faɗa

Ranar Talata na kife kan keken ɗinki
a rumfata, cikin babbar kasuwar Garwa,
allura na tsakiyar wuyan rigar wani.
Na farka da ƙasa a baki, harshe a cije,
mutane sun kewaye ni daga nesa.
Ba wanda ya taɓa ni.
Wai yawun mai farfaɗiya kamawa yake.

Daga ranar aka ware mini kwano.
Ƙanena Barau, da muka yi shekara talatin
muna haɗa hannu a malmala ɗaya,
ya koma alwala da wata buta.
Na sha rubutu, na sha hayaƙi,
an yanka baƙin zakara a kaina,
don an ce ɗan aljani na taka a bakin Binuwai.
Ban tuna ranar ba.
Na dai ba shi haƙuri.

Tabawa ce ta sayar da 'yan kunnenta.
Ta ce, tashi mu je a duba jini.
Na ce ciwo a ka, me ya haɗa shi da jini?
Ta ce ɗan aike ya fi maigida sanin lungu.

Jawe sunansa, mai farar riga,
Hausarsa da ɗan gishirin Fulatanci.
Ya ɗaure damtsena da roba,
ya ɗebi abin da bai cika cokali biyu ba,
ya rubuta sunana a kwalba, har da kuskure,
ya ce in dawo bayan kwana tara.
Kwana tara jinina na can yana ba da labarina
ga mutanen da ban taɓa gaisarwa ba.

Da na koma ya ce, 'ya'yan tsutsa ne,
irin wadda ke bi ta jikin alade.
Na miƙe tsaye.
Ni? Ni da ko layin masu gasa shi ba na bi?
Ya ce, zauna, Malam Mati.
Ba nama ya kawo maka ita ba.
Ƙwai ne da ido ba ya gani,
daga bayan gidan wani mai ɗauke da ita,
ya bi ruwa, ya bi ganyen latas,
ya bi hannun da bai gamu da sabulu ba.
Ƙwai ba ya tambayar alƙiblar mutum.

Jini bai gan ta ido da ido ba, in ji shi,
sawunta ya gani, da kokawar da jiki ke yi.
Sai hoton kai zai nuna inda take kwana.
Hoton ya ci sauran kuɗin awarwaro.
Ga su nan, uku, farare,
kamar maɓallan da aka ɗinka a inda ba riga.

Na yi dariya a gaban likita, har ya tsorata.
Shekara biyu ina roƙon aljani gafara,
ashe baƙon nawa ko ƙafa ba shi da ita.

Yanzu ƙwayoyi ne, safe da dare,
da sabulu a bakin randa, Tabawa na gadi.
Na karanta wa Barau takardar sau biyu.
Bai ce komai ba.
Jiya da magariba ya zo ya tsuguna,
ya janyo kwanona tsakaninmu,
ya ce miyar ta yi yaji.

Mai rigar nan har yau bai zo karɓa ba.
Na dai ƙarasa masa wuyan.