Alhamis a Ɗakin Lai'atu

Ranar Lahadi mu dubu ne,
ba wanda ya san wa ya kwana da yunwa.
Ranar Alhamis mu tara ne,
goma in ƙafar Baba Filibus ta yarda.

Sabon Gari, bayan rumfar mai faci.
Benci ɗaya aro ne daga Malam Tanimu,
ya ce a mayar kafin ya rufe zaure.

Da aka ɗauke wuta
Nkiru ta haska ayar da wayarta,
ta karanta da Hausarta ta kasuwa.
Ba wanda ya gyara mata.

Sai zagaye: ina ayar ta taɓa ka?
Na ce haƙuri, don kalma ce mai araha.

Istifanus, wata bakwai yana zuwa,
bai taɓa wuce amin ba.
Yau ya murza hula ya ce,
"An sallame ni daga Bompai tun Ista.
Kullum da asuba ina fita da kwanon abinci
don kada yara su gane."

Janareton maƙwabta ne kaɗai ya amsa.

Lai'atu ta tura masa kunun da ta ɓoye wa kanta.
Baba Filibus ya tuno wani a Kantin Kwari
mai neman ɗan tsaron shago.
Gwangwanin madara ya zagaya,
ya dawo da ɗan nauyi.

Bayan addu'a muka ɗauki bencin,
shi gaba, ni baya,
muna tsallake kwata a duhu,
yana gaya min sunayen 'ya'yansa
ɗaya bayan ɗaya.