Sauka Biyu

Da farko na ɗora wa kifin daren jiya laifi.
Ina wanke tukunyar shinkafa a bayan ɗaki
sai wani abu ya cafki ƙuguna ta baya,
ya matse, ya yi jim, ya saki.
Na ƙarasa wanke tukunyar.

Tsibirinmu ɗan mitsitsi ne a gefen Bohol,
coci ɗaya, shago biyu, bishiyoyin kwakwa,
asibiti kuwa sai an tsallaka teku.
Doroy ya rasa takarda,
sai ya riƙa rubuta lokaci da biro a damtsensa:
minti ashirin, sha huɗu, sha ɗaya.

Surukata Nanay Sabel ta ce ɗan fari ba ya gaggawa.
Ta dafa mini citta, ta ɓare mini ƙwai biyu,
ta bi gida tana kwance duk wani ƙulli,
na labule, na buhun gishiri,
har da igiyar takalmin ɗanta.
Na yi dariya, dariyar ta tsinke a tsakiya.

Ruwa ya janye tun magariba,
kwale-kwalenmu na kwance a kan yashi kamar mataccen kifi.
Teku ba ta san ana naƙuda ba.
Muka zauna jiran ta dawo,
ni a durƙushe, goshina a kan benci,
ina ƙirga ƙusoshin da ke jikinsa. Tara ne.
Faya ta fashe kafin teku ta yi niyya,
ɗumi ya bi ƙafafuna har tabarma.

Maza huɗu suka tura jirgin cikin duhu.
Injin ya yi tari sau uku, ya ƙi,
a na huɗu ya yarda.
Warin fetur, ƙarnin kifi,
da igiyar anga tsakanin haƙorana.
Igiyar ruwa ta ɗaga mu ta waje,
wata ta ɗaga ni ta ciki,
ba su taɓa zuwa tare ba, da na huta.
Fitilun wancan gaɓar suna nan inda suke,
kamar da mu suke tafiya.
Na kira uwata, wadda ta rasu ina shekara bakwai.
Ban san na riƙe muryarta ba sai daren nan.

Saukar farko a kan duwatsu ce, a hannun mutane.
Manang Epifania ta fito da tocila a baki,
silifas ɗinta ɗaya ja, ɗaya kore.
Ta duba ta ce tukuna.
Na tsani kalmar nan.
Na zagi Doroy, na zagi jirginsa,
ya ce haka ne, haka ne, yana share mini gumi.
Da ta ce yanzu,
jikina ya riga ta faɗa.
Wuta ta zagaye ni ta ƙasa,
na yi nishin da ban san ina da shi ba,
irin na saniya, ba kunya, ba neman gafara.
Sai santsi, sai wofi.

Shiru.
Fanka na juyawa. Zakara bai yi cara ba.
Manang na murza ɗan bayan nan da tawul,
tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai cinikin sirri.
Na ƙirga ƙusoshin benci a zuciyata,
ina kan na bakwai
kukan ya tsaga ɗakin.

Mace ce. Nauyinta a ƙirjina
bai kai na kwakwa biyu ba,
kanta a jiƙe, tana ƙamshin gishiri,
ta buɗe ido ɗaya ta harare ni.

Ruwan teku ya wanke duk lambobin damtsen Doroy.
Ya rubuta sabuwa, hannunsa na rawa: biyar da sha biyu.
Sai da rana ta fito wani yaro ya leƙo ta taga
ya ce wane ne bai ɗaure jirginsa ba,
ga shi can yana komawa gida shi kaɗai.