Inda Ruwa Ke Shiga

Wari ne ya fara kawo mini tsegumi,
irin na tabarmar da aka naɗe da danshi.
Na zargi buhun albasar Goronyo,
na zargi takalman yara,
har ranar da na ɗaga shimfiɗar but
na iske safayar taya zaune cikin tafki,
jak ya yi jawur da tsatsa,
'ya'yan sauro na iyo abinsu
kamar sun biya kuɗin haya.

Shekara tara motar nan na shan ranar Sakkwato
ba ta taɓa kai ƙara ba.
Ashe rana ke yanka,
damina ta zo ta feɗe.

Modi na hanyar Kalambaina
ya murza robar murfi da babban yatsa:
"Malam, wagga roba ta mutu tun bara."
Na biya sabuwa ina ƙunƙuni.
Daren Laraba aka kwana ana marka,
da safe tafkina ya dawo, har da gyara.

Na koma. Bai ko ɗago daga ƙarƙashin wata tasi ba.
"Ruwa ɓarawo na, ba ya biyo ƙohwa.
Shiga ɗaka ka yi kwanto, ka kama shi da hannu."

To, Asabar bayan la'asar,
gindin dogonyaron gidanmu a Mabera,
na kwashe kaya, na cire hula,
na naɗe shekara hamsin da takwas da ciwon gwiwa
na cusa su cikin but, tocila a hannu.
Luba, autata, na riƙe da buta tana danne dariya.
Na ce, fara daga ƙasa, ki hau sannu sannu,
in na buga sau biyu ki buɗe.
Ta rufe.

Duhu.
Ƙarfe mai zafi a bayana, numfashina na dawo mini.
Na lura a gefen dama na kwanta,
ba da niyya ba,
sai na tuna wani ɗakin mai wannan faɗi
inda ba tocila,
inda ko ka buga sau ɗari
masu rakiya sun riga sun kai bakin titi.

Ruwa na tafiya a samana kamar sawun kaza.
Roba shiru. Makulli shiru.
Na haska lungu lungu, gumi na shiga ido.
Can sai ga shi,
ɗigo ɗaya, ya leƙo ta bayan fitilar hagu,
ya tsaya yana ƙyalli, ya duba hanya,
ya gangaro, ɗan'uwansa na biye.

Na san wurin.
Shekara uku ke nan, a shataletalen Gawon Nama,
wani yaro mai keke ya sumbace ni ta baya.
Ya fito jiki na ɓari.
Na dubi fitila ba ta fashe ba,
na ce ba komai, je ka.
Wannan ba komai ɗin ne
ke ɗiga mini tun daga ranar,
tsaga siririya kamar gashin gira.

Noti uku na kwance.
Na kankare tsatsa, na goge da tsumma,
na yanko tsohon tif na taya na yi mata sabon zobe,
na bi da gam kamar mai yaɓen rumbu.
Kwana biyu but na hamma a rana.

Jiya hadari ya taso daga gabas da tsakar dare.
Da asuba, kafin masallaci,
na zura tafin hannu ramin safaya:
ƙura ce ta gaishe ni.

Luba kuwa har yau tambaya take,
"Baba, na ƙarar da buta huɗu,
me ya hana ka bugawa da wuri?"
Na ce ɓarawo nake jira.
Ban gaya mata sauran ba.